Ƙiftawar Madubi

A Valparaíso, a lungun da ke gangarawa teku,
shagon Evaristo bai fi faɗin tabarma biyu ba.
Ni ne yaronsa. Aikina hure ƙura.

Ran Talata Nélida ta hauro matakala,
kyamarar mijinta naɗe cikin gyale.
Ta ce, "Baldomero ya rasu watan jiya.
Nawa za ku saya?"

Maigida bai ce uffan ba.
Ya murɗe gilashin gaba, ya zare,
ya leƙa kamar mai duba haƙoran rago.
Ga madubi a jingine, ɗan mitsitsi,
gishirin teku ya ci gefensa.

Ya ce, "Haske in ya shigo, wannan ke tare shi,
ya cilla shi sama,
gilashi mai kusurwa biyar ya miƙar da shi,
ya kai wa ido abin da ke waje, ba ragi ba ƙari.
A baya akwai labule. Bayan labule
faranti mai ɗigo miliyan ashirin da huɗu,
kowanne baki buɗe
kamar 'yan tsuntsaye a sheƙa."

Ya sa batir, ya duba lissafin dannawa:
dubu ɗari da arba'in da takwas, da ɗari uku da shida.
"Dubu ɗari da hamsin aka ɗibar wa labulen.
Ya kusa cinye rabonsa."

Ta ce, "Jiragen ruwa yake ɗauka, da masunta.
Ni ko sau ɗaya bai ɗauke ni ba."

Na zaro katin, na kunna.
Jirage, ƙwarai. Igiya, tsatsa, kifi a kwando.
Sai dai wata shuɗiyar taga a kan tudu
ta yi ta dawowa.
Da asuba, ƙofar haske a wangale,
hoton duk yashi-yashi.
Da tsakar rana, ɗaya bisa dubu huɗu na daƙiƙa.
Tun daga tashar jirage ya jawo ta
da dogon gilashi, milimita ɗari uku.
Mace tana shanya.
Mace tana hura shayi.
Mace tana leƙen hanya, hannu a goshi.

Nélida ta zauna a kan akwatin kayan aiki.

Can Evaristo ya ce,
"Akwai abin da takardar kamfani ba ta damu da shi ba.
Da an danna, madubi tashi yake,
ido ya faɗa duhu.
Mai ɗauka ba ya ganin abin da ya kama.
Duk waɗannan, shi bai gan su ba.
Ke ya ajiye wa."

Ta goge hanci da bakin gyale.
"Saura nawa?"
Na ƙirga a bayan rasit:
dubu da ɗari shida da casa'in da huɗu.

"Nuna mini inda ake dannawa."
Ta ɗaga ta da hannu biyu, tana da nauyi,
ta runtse ido ɗaya, ta saita ni
da burushina da bakina a sake.

Ƙas!

Na soke huɗu, na rubuta uku.