Alli da Tsintsiya

Shekara ashirin da uku ke nan ina cika allo da safe,
Labbo yana gogewa da yamma.
Ni da alli, shi da tsumma da tsintsiya,
a ɗakin lacca na biyu, can hanyar Kalgo,
inda fanka ɗaya ke juyi,
uku sun riga ni yin ritaya.

Nakan zana tsani.
In ce ga na sama, ga na tsakiya,
ga waɗanda ƙafar tsanin ke kafe a wuyansu.
Ɗalibai ɗari biyu da ɗoriya su duƙufa kwafa,
na gaba bisa kujera,
na baya a tsaye, littafi a gadon bayan aboki.
Ba wanda ya lura tsanin ya sauko daga allo
ya zauna cikinmu.

Ubana majemi ne a Jega.
Da warin bagaruwa da ɗanyar fata aka yaye ni.
Ranar da aka fara ce mini Dakta
sau uku na wanke hannu kafin in gaisa da manya,
alhali rabona da kwatarniyar jima shekara goma sha tara.
Wannan ban taɓa faɗa wa aji ba.
Babu shi a manhaja.

Da yajin aiki ya kai wata na shida
na ci bashin shinkafa wurin Hajiya Tumba,
wadda ko bihim ba ta sani ba,
amma ba a taɓa cin ta da lissafi ba.
Ta ce, "Wai me kuke karantarwa can?"
Na ce, "Dalilin da ya sa wani ke da shi, wani babu."
Ta yi dariya har mudu ya suɓuce mata:
"To kai wanne ne ciki?"

Akwai Saude, 'yar ƙetaren fadama.
Gwaji ƙarfe takwas, ta shigo tara da rabi,
zane jiƙe har gwiwa.
Ruwa ya shanye hanya, mai kwalekwale ya ninka kuɗi.
Doka ta ce sifili.
Na zana mata shi, zagaye, da jan biro,
da hannun nan da ya rubuta maƙala goma sha ɗaya
a kan waɗanda ke isa wurin rabo bayan an kwashe.
Daren nan na kasa cin tuwo.
A'a, ƙarya nake.
Na ci, har na nemi ƙari.

Yanzu takarduna na gaban kwamiti, ina jiran farfesa.
An ce a ƙirga maƙaloli, a auna nauyin mujalla.
Kuɗin buga guda ɗaya ya haura abin da Labbo ke gani a wata biyar,
kuma Labbo na ciki,
na canza masa suna, na sa masa lamba,
rashinsa ya zama shafi ashirin,
shafi ashirin ya zama mini matakala.

Jiya na makara a aji ina tattara takardu.
Ya shigo, ya tsaya gaban allo ya daɗe,
tsumma na ɗiga a ƙafarsa.
Ya ce, "Malam, nikan ji ka ta taga.
Abin ga da kaka faɗi duk mun san shi,
sunanai kaɗai na ba mu sani ba."

Na buɗe baki.
Shekara ashirin da uku na magana
suka tsaya a maƙogwaro kamar ƙayar tarwaɗa.

Ya goge na sama, ya goge na tsakiya,
na ƙasa sai da ya durƙusa.
Sannan ya ja tsintsiya har gindin kujerata,
ya ce, "Ɗaga ƙafa, Malam."

Na ɗaga.