Faifan Tsoho Wen

Shekara talatin ina gini a Yelwa,
ni Nomau, ɗan Gado magini,
ban taɓa tambayar ƙarfe inda gabas take ba.
Rana ke gaya mini.
In ta ɓuya, sai in duba bangon da ruwan bara ya fi ci.

Sai ga Tsoho Wen, mutumin Sin,
mai tarin da ba ya ƙarewa,
wanda masu injin casar shinkafa suka kawo Yawuri.
Ranar da za mu ja igiyar harsashi
ya ɗaga hannu, wai mu dakata.
Ya kwance wani jan ƙyalle sannu a hankali
kamar ungozoma za ta nuna jariri.

Faifai ne a kan katako mai kusurwa huɗu,
zobe cikin zobe cikin zobe,
kamar ka jefa tsakuwa a Kwara
ruwan ya ƙi komawa yadda yake.
Rubutu ƙanana, sawun kiyashi a kan gari.
Jan zare biyu sun gitta juna,
a cibiya kuma, ƙarƙashin gilashi,
allura tana rawar ɗari.

Lawisa 'yar Zuru, tafintarmu,
ta ce sunansa lofan, gadon kakansa ne.
Da shi suke tambayar iska da ruwa
ta ina za su shiga gida, ta ina za su fita.
Ta ce a wurinsu kudu allura ke nunawa.
Na ce abu mai kai biyu,
wanda ya ce arewa ma bai yi ƙarya ba.

Ya riƙe faifan daidai cikinsa.
Allura ta ƙi zama.
Na koma hagu, ta waiwayo ni.
Na koma dama, ta biyo.
Leburori suka ce, Nomau, aljana ta ga miji!
Tsoho Wen ya dube ni daga hula har takalmi,
ya zare cokalin gini daga ƙuguna
ya cilla shi can kan tulin yashi.
Allura ta yi ajiyar zuciya,
ta kwanta.

Har azahar yana ƙirga zobba da farce.
Hukuncinsa: tudu a baya, kogi a gaba,
kada ƙofa ta kalli gabas.
Da ya tambaye ni, kyauta zan gaya masa.
Ubana ya sha faɗa,
mai ƙofar gabas da jiƙaƙƙiyar tabarma yake kwana.

A kan makewayi muka ɓata.
Inda faifansa ya ajiye shi,
duk mai tsugunawa alƙibla zai fuskanta.
Na ce hannuna ba zai ɗora bulo ko ɗaya ba.
Kwana uku Lawisa na dakon magana tsakaninmu
har muryarta ta dushe.
Rana ta huɗu, da sassafe,
ya same ni ina shan koko.
Ya miƙo faifan, ya miƙo fensir.
Na nuna masa: gabas, ka ɗan karkata arewa.
Ya ɗiga baƙin ɗigo a bakin zoben ƙarshe,
inda kakansa bai rubuta komai ba.
Muka juya makewayi.

Bayan nan, duk la'asar,
shi ke daidaita wa leburori sahu a kan buhunan siminti,
sai ya koma gefe yana tari.

Damina ta biyu tarin ya mayar da shi gida.
Ban sake jin ɗuriyarsa ba.
Injin na nan yana casa,
ƙofarsa na kallon masu kwalekwale.

Har yau rana nake tambaya.
Amma in zan ja igiyar sabon harsashi
sai na fara zare cokali daga ƙuguna
na ajiye shi nesa.
Yaran aikina na tambayar dalili.
Nakan ce musu, ku riƙe igiya.