Samfuri Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Ba ya zuwa da suna.
Leda ce ɗaure da zare, da lamba a jikinta,
arba'in da bakwai,
an ɗebo ta daga wani buhu a Tsohuwar Kasuwa
jiya bayan la'asar.
Ni kuwa Ige, na ɗora farar riga a kan atamfata,
na wanke hannu, na yi bisimilla.

Fari ne tas. Ido ma ya shaida.
Sai dai ido a ɗakin nan ƙaramin ma'aikaci ne,
ba ya sa hannu a takarda.

Giram ashirin da shida.
Sikelin yana zaune cikin akwatin gilashi
don ko numfashina nauyi ne a wurinsa.
Na rufe ƙofar, na jira lambobi su daina rawa.
Ya ɗara kaɗan. Na rage da bakin cokali.

Ruwan ba na rijiya ba ne, ba na Rima ba,
an tace shi har ya manta ƙasar da ya fito.
Na zuba har ya taɓa layin wuyan kwalba.
Littafi ya ce digiri ashirin.
Wanda ya rubuta littafin
bai taɓa kwana Sakkwato a watan Afrilu ba.
A waje arba'in da uku,
na'urar sanyaya ɗaki tana tari,
Bunu yana lallashin janareta a bayan taga.

Ya narke, amma ruwan bai yi garau ba.
Akwai wani hazo a ciki
mai kama da maganar da aka faɗi rabi.
Na tace, na ajiye takardar tacewa a gefe.

Na cika bututu, na kwantar da shi a hanyar haske.
Sukari na gari yakan kama haske ya murɗa shi dama
yadda ake juya akalar raƙumi a Kara.
Iyakar murɗawa, iyakar tsarki.
Casa'in da tara da ɗigo bakwai muke nema.
Casa'in da bakwai da rabi na samu.
Na sake.
Na kuma sakewa.
Haske bai canja magana ba.

Wani kaso na tanda, digiri ɗari da biyar, awa uku,
ya yi gumi ya amayar da danshin da ya ɓoye.
Na yi azahar kafin ya huce.
Wani kaso na sandar lantarki,
ta ƙirga gishirin da harshe ba ya ji.
Wani na rariya bisa rariya,
manyan ƙwayoyi sama, gari ƙasa.

Sannan na koma wa takardar nan.
Ɗigon aidin ɗaya.
Ta yi shuɗi, shuɗin marina.
Sitaci ne. Wataƙila garin rogo.

Mako biyu ke nan Modi mai shayin Mabera ya ce mini,
"Ige, wanga sikari laka shika bari ƙasan kofi."
Ba shi da tanda, ba shi da bututu.
Ni na ci yini guda da man janareta
kafin in iso inda cokalinsa ya tsaya.
Amma cokali ba ya zuwa gaban hukuma.

Waya ta yi ƙugi cikin aljihun farar riga.
Kawu Labbo ne, wanda ya biya mini kuɗin makaranta
shekara huɗu bai taɓa gori ba.
"An ce an ɗebi kayan layinmu. Mi kika gani?"
Shaguna goma sha biyu ne a layin.
Ban san na wa ne arba'in da bakwai ba,
kuma ban tambaya ba.
Na ce, "Kawu, lamba kawai ake ba ni."

Na rubuta abin da haske ya ce,
na rubuta abin da aidin ya ce,
na sa hannu, biron yana ɗan santsi don gumi.

Da magariba na biya ta Mabera.
Modi ya ɗaga cokali yana jira.
Na ce ya ba ni haka nan.