Yumɓun da Ba Ya Ɓata Hannu

A Stoke nake, inda gidajen gasa tangaran suka mutu a tsaye,
dogaye kamar kwalabe, baƙaƙe, ba hayaƙi.
Ta gabansu nake wucewa da asuba
in na taso daga gidan kula da tsofaffi,
hannuna na warin sabulu da man zafi.

Nusaiba ce ta saka mini manhajar,
ta ce, Umma, ga yumɓu, kyauta ne.
Na duba: ƙwallo toka-toka yana reto cikin duhu,
ba ƙasa a ƙarƙashinsa, ba ƙamshi.
Na taɓa shi da linzami, ya yi ƙululu
kamar goshin yaron da ya yi karo da ƙyaure.

Sai na shiga neman malami.
Na rubuta: darasin ɗan koyo.
Na farko ya ce yau abu mai sauƙi za mu yi,
kafin in kurɓi shayi ya ƙera dodo
mai ƙaho bakwai, har da sulke.
Na biyu bakinsa jirgin ƙasa ne,
ba ya tsayawa a ƙananan tashoshi.
Wani ya ci minti tara yana tallar kujera.
Wata ta yi kirki, sai dai maɓallan allonta
ba sa inda nawa suke;
ashe shekara shida ke nan da ta ɗauka,
an sake wa gidan ƙofofi.

Mako uku ina bulayi.
Wai matambayi ba ya ɓata.
Wanda ya faɗa bai tambayi intanet ba.

Ran wata Laraba, ana yayyafin nan nasu
da ba ka sanin ka jiƙe sai ka isa gida,
na faɗa kan wani tsoho.
Mutum ɗari da sha ɗaya kaɗai suka kalle shi.
Ba fuska, sai murya da tari,
da kare yana haushi can bayan gida.
Ya ce, yau burushi ɗaya za mu riƙe. Ɗaya.
Ja. Tsaya. Juya ƙwallon, dubi bayansa.
Ya yi kuskure, bai yanke wurin ba,
ya ce kash, ya koma baya, ya sake.

Nan na tuna Iya Tabawa
kusa da matoya, ƙafa miƙe,
tana juya kasko da tafin hagu.
Ba ta taɓa ce mini ga yadda ake yi ba,
sai ta turo mini curi, ta ci gaba da nata.
In na ɓata, ta dunƙule, ta yayyafa ruwa, ta miƙo.
Ashe ita ma tana da maɓallin komawa baya,
nata dai kafin wuta ne.
Bayan wuta sai tsingaro.

Daren jiya na gina tulu.
Wuyansa ya karkace, gindin ya fi ƙarfin bakin,
kuma har abada ba zai sanyaya ruwa ba.
Na jawo shi kusa har ya cika allo,
na nemi kafaɗarsa, inda takan danna babban yatsa
ta bar shaidarta,
na danna.
Ya yi zurfi. Na koma. Na danna.
Ya yi sama-sama. Na koma.
Sau nawa, ban ƙirga ba;
shinkafa ta kama ina zaune.

Nusaiba ta leƙo, ta ce a laburare akwai injin
da zai fitar mini da shi na roba, in riƙe a hannu.
Na ce bari tukuna.
Na duba faratana, fes,
ko ɗigon laka babu,
amma kafaɗata na ciwo daidai inda tata ke yi.

Na rubuta wa tsohon godiya da ɗan Turancina.
Bai amsa ba. Bidiyonsa na ƙarshe
tun hunturun bara waccan ne.
Saura goma sha huɗu ban kalla ba.
Gobe gyaran wuya, in Allah ya kai mu,
in bas ba ta makara ba.