Matakala ta Tara

Ƙarfe ukun dare ya gota a Rosario,
ni kaɗai nake cicciɓar lasifika zuwa mota.
Gwiwata tana kuka kamar tsohuwar ƙofa.
Mai mashaya ya ce mutum goma sha tara suka shigo,
ni ashirin da shida na ƙirga daga kan dandamali,
amma kuɗin a aljihunsa suke,
don haka lissafinsa ne gaskiya.

Shekara talatin da ɗaya ina rataye da gitar nan.
Kafaɗata ta hagu ta saɓule, ta bar 'yar'uwarta a sama.
Tela ya lura, ya tambaye ni ko dako nake yi.
Na ce masa eh.

Da can akwai gidan Ovidio, a ƙarƙashin ƙasa,
matakala goma sha huɗu, ta tara a karye.
Duk ɗan unguwa ya san ta, baƙo kaɗai ke faɗuwa.
Gumin jama'a ya taru a rufi, ya ɗigo a kan ganguna.
Fitila ɗaya ja, bayan gida babu sakata.
Graciela na bakin ƙofa da hatimin roba
tana buga wa kowa shaida a bayan hannu,
wanda ba shi da ko sisi ta buga masa tana kallon gefe.
Ranar Litinin da tawadar nan ake gane mu a aji,
ba ma wanke ta, sai ta koɗe don kanta.

A can Lisandro ya fasa fatar ganga biyu a dare ɗaya.
Yau bas yake tuƙawa, layin bakin kogin Paraná.
In danja ta tsayar da shi
yatsunsa sukan fara kiɗa a kan sitiyari,
shi bai ma san suna yi ba.

Wani mai kwat ya zo daga Buenos Aires
da takarda shafi arba'in da alƙalami mai nauyi.
Ya saya mana gasasshen nama, muka ci har muka yi shiru.
Shekarunmu ashirin da uku, kuma yunwa ba ta iya karatu ba.
Waƙa goma sha biyu suka tafi a cikin jakarsa.
Kamfanin ya faɗa cikin wani kamfani, shi ma wani ya haɗiye shi.
Wadda na rubuta daren da aka binne babana
yanzu ita ke tallar man goge baki a talabijin.
Mahaifiyata ta bugo waya tana murna.
Ban faɗa mata komai ba.

An ce bana an saurare mu sau dubu tamanin a waya.
Abin da ya iso hannuna
ya sayi tsirkiya huɗu da kofi ɗaya, ba madara.
Asabar ina wurin bikin aure cikin farar riga
ina kaɗa waƙoƙin wasu ga masu cin kek.
Talata yaran maƙwabta su zo koyon riƙe gita,
biyu ba sa biya.

Gidan Ovidio kantin magani ne yanzu.
Shekaranjiya na shiga sayen man zafi,
na tsaya daidai saman inda nake tsayawa,
na buga ƙafa sau huɗu.
Yarinyar kanti ta ce, malam, lafiya?

Sai ga wata ta kama ɗaya gefen lasifikar,
shekarunta ba su wuce sha bakwai ba, gashi rabi shuɗi.
Ta ce sunanta Ailén, ganga take kaɗawa,
suna da wasa ran Juma'a a garejin wani makanike,
ko zan ba su aron wannan?
Na ce akwai sakata a bayan gidansu?
Ta ce babu.
Na ce ki zo da wuri, tana da nauyi,
kuma sai an mare ta a gefe kafin ta yi magana.

Na tayar da mota a karo na uku.
Ƙarar da ke cikin kunnena tun dare na farko a gidan Ovidio
tana nan, siririya,
ita ta raka ni gida.