Gajeren Zango

Kwamfutar ba ta cika tafin hannuna ba.
Kawu Maikano ya juya ta, ya shinshina,
ya ce, "Rediyo ba abin murɗawa? Ina kunnenta?"

Kunnen tun la'asar na ɗaura shi:
wayar tagulla, daga darbejiyar Inna Dudu
zuwa tankin maƙwabta.
Sau biyu iskar Dutsen Tanshi ta tsinke ta.

Dare uku ba komai sai shuuu,
kamar ana suyar masa a Wunti.
Ashe lamba ɗaya na rubuta a baibai.

Na gyara. Launi ya fara zubowa a allo
kamar ruwan indararo,
ga siririn zare rawaya a tsakiya.
Na taɓa. Murya!
Wani tsoho, can bayan teku, yana tari,
yana kiran duk mai ji.

"Amsa masa mana!"
"Kawu, lasisi bai fito ba."
Muka yi tsit har shayi ya huce.

Can ya ce, "Wai gajeren zango.
Shekara talatin ina fatauci,
ban taɓa yada zango nesa haka ba."