Gwangwanin Babana

Ƙarfe takwas na safe a Punta Arenas,
iska tana kokawar ƙwace balan-balan daga hannuna.
Na cije igiya da haƙori, na ɗaura ɗan akwatin awo,
na sake shi.
Ya yi gabas a guje kamar ɗan aiken kiran ungozoma.

Zai hau yana ɗanɗana sanyi hawa-hawa,
yana turo mini nauyin iska da laimarta,
har ya kumbura ya fashe inda babu kunnen da zai ji.
Aikin awa biyu ke nan. Gobe ƙanensa zai gaje shi.

Babana, Eleuterio Barría, bai taɓa sakin balan-balan ba.
Tumaki yake kiwo can wajen Río Verde,
da gwangwanin awon ruwa a bisa gungume,
da littafi mai warin ulu da kananzir.
Shekara talatin da ɗaya, kowace safiya,
ko yatsu sun ƙage,
sai ya rubuta.

Ina shekara tara rediyo ya ce gobe garau.
Da asuba dusar ƙanƙara ta kai taga.
Shafin ranar yana nan, layi biyu:
milimita goma sha tara,
tumaki ɗari huɗu da shida.

Bai zagi mai rediyo ba.
Cewa ya yi, bawan Allah ya faɗi iyakar ganinsa.
Hadarinmu daga yamma yake tasowa,
yamma kuwa teku ce,
babu mai gwangwani a can.

Sannu a hankali aka sa wa tekun nan ido.
Aka zuba mata tuluna masu yawo da igiyar ruwa,
suna kai tsegumin matsin iska dare da rana.
Tauraron ɗan'adam ya leƙo daga bisa,
ya ga hadari tun yana goye,
sai dai gani yake, ba ya taɓawa,
dole ya tambayi balan-balan ɗina ko idonsa bai ruɗe shi ba.
Nawa kuwa zare ɗaya ne a cikin bargo.
Ko jiragen fasinja na awo a kan hanya,
ba mu san darajarsu ba
sai shekarar annoba, da suka kwanta,
hasashe ya fara ɗingishi kaɗan
kamar tunkiyar da tsakuwa ta shiga wa kofato.

Ba rana ɗaya aka wayi gari da iyawa ba.
Yini guda aka riƙa ƙwatowa daga duhu,
a yi shekaru ana lallaɓa shi,
kafin a sake ƙwato wani.
Abin da ake cacar faɗi a kan gobe a zamanin babana
yau ina faɗinsa a kan gata, har citta,
gabana bai faɗi ba.

Bara wani yaro, Nicanor, ya zo daga Santiago
ya kwashe littafin nan cikin kwamfuta, shafi-shafi.
Wai da tsohon awo ake gane
ko sabuwar na'ura ta san jiya.
Ya tarar da kwana uku babu rubutu.
Na ce bar su haka, makon da muka binne mama ne.

Yanzu idon tsoho ya yi hazo.
Ran Litinin ya ce, Nélida, yaya Juma'a?
Na ce ƙanƙara, baba, daga azahar,
a gaya wa su Baldomero su gangaro da garke.
Ya gyaɗa kai. Ya ce a da sai Laraba ake gane Juma'a,
ita ma in an yi sa'a.

Ran Juma'a ta sauko da la'asar.
Mun kuskure da awa uku, tunkiya ko ɗaya ba ta mutu ba.

Asabar da safe na ji ƙarar ƙofa.
Yana waje da sanda, yana lalube,
ya tsoma yatsa cikin gwangwani,
ya ce in kawo fensir.